Zaɓen Magani ga Mai Larurar BPD, Daga Ƙuruciya Zuwa Tsufa

A gida ba a kiran abin da sunansa. Cewa ake yi yarinyar tana da baƙar zuciya, ko ta cika neman fitina, ko iska ce ke taɓa ta. In namiji ne, a ce ƙwaya ce ta lalata shi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran larurar BPD, a Hausance kuma za a iya cewa larurar rashin daidaiton hali. Alamu tara ake dubawa, in biyar sun tabbata kuma sun daɗe, a ce ita ce: tsananin tsoron kada a guje shi, mu'amala mai hawa da sauka inda yau kai ne mafi alheri gobe kai ne maƙiyi, rashin tsayayyen sanin ko shi wane ne, aikin ganganci kamar ɓarnar kuɗi da shaye-shaye, yi wa jiki rauni ko yunƙurin kashe kansa, sauyawar yanayi cikin awanni, jin zuciya fayau ba komai a ciki, fushin da ba ya jin birki, sai zargin mutane ko jin kamar ba ya cikin jikinsa idan damuwa ta kai maƙura. Tana samun mutum 1 zuwa 2 cikin 100 a al'umma. A asibiti mata sun fi yawa, amma binciken da aka yi a cikin gari ya nuna maza ba su tsira ba, sai dai su sun fi ƙarewa a wurin shaye-shaye ko hannun hukuma.

Kafin a yi maganar zaɓi, akwai labari mai daɗi da ya kamata iyali su riƙe. Mary Zanarini da abokan aikinta a asibitin McLean da ke Amurka sun bi majinyata 290 shekara da shekaru. Cikin shekara 10, kashi 93 cikin 100 alamunsu sun lafa na aƙalla shekara 2. Amma waɗanda suka haɗa lafawar alamu da riƙe aiki ko karatu da zaman lafiya da mutane ba su wuce rabi ba. Wato wutar tana mutuwa, gina gidan da ya ƙone ne ke da wuya. Duk hanyar da za a zaɓa, da wannan ma'aunin ya kamata a auna ta.

A tabbatar ita ce tukuna

Kuskuren da ya fi cin shekarun mutane shi ne rikita BPD da larurar bayifola. A bayifola, yanayi na ɗagawa ko faɗuwa ya zauna kwanaki ko makonni, mutum ya yi kwana huɗu ko mako guda barci kaɗan na isar sa, ga surutu, ga manyan shirye-shirye, sau da yawa ba tare da wani ya taɓa shi ba. A BPD guguwar tana tashi ne da dalili, kuma dalilin kusan kullum mutum ne: miji bai ɗaga waya ba, ƙawa ta yi biki ba ta gayyace ta ba. Ta tashi da safe lafiya, azahar tana kuka, la'asar ta fasa waya, bayan isha tana neman gafara. Bambancin yana da nauyi domin bayifola tana jin ƙwayar magani sosai, BPD kuwa ba haka take ba. Ana iya samun duka biyun a mutum ɗaya, shi ya sa ganin likita na minti biyar ba ya wadatarwa.

DBT: idan rai na cikin haɗari

Marsha Linehan ta Jami'ar Washington ce ta tsara DBT, wata jinya da ake yi ta hanyar tattaunawa da koyon dabaru maimakon ƙwayar magani, ta buga gwajinta na farko a 1991, kuma har yau ita ce hanyar da aka fi gwadawa. Cikakkiyar DBT ƙafa huɗu gare ta. Akwai zama da ƙwararre na kimanin awa ɗaya kowane mako. Akwai ajin koyon dabaru a rukuni, awa 2 zuwa 2 da rabi a mako, ana kammala darussan cikin mako 24, a maimaita su a cika shekara. Akwai damar kiran waya a lokacin da abin ya taso. Ta huɗu ba ta majinyaci ba ce, taron ƙwararrun ne su da kansu, domin aikin yana gajiyar da mai yin sa.

Dabarun kashi huɗu ne: tattara hankali a kan abin da ake ciki yanzu, jure ƙunci ba tare da an ƙara ɓata lamari ba, sarrafa motsin zuciya, da iya mu'amala, wato yadda za ka nemi abu ko ka ce a'a ba tare da ka rusa zumunci ba. Majinyaci na cike kati kullum, ya rubuta ƙarfin sha'awar cutar da kansa daga 0 zuwa 5 da dabarar da ya gwada. A zama, abin da ya shafi rai shi ake fara taɓawa, sai abin da ke kawo wa jinyar cikas kamar fashin zuwa, sannan sauran matsalolin rayuwa.

Zuciyar aikin ita ce bin sarƙar abin da ya faru, ƙulli bayan ƙulli. A ce mace ta yanki hannunta daren Talata. Ƙwararre zai koma da ita baya a hankali. Daren Litinin ba ta yi barci ba, ranar ba ta ci abinci ba. Ƙarfe tara ta tura wa mijinta saƙo a WhatsApp, alamar karantawa ta yi shuɗi, amsa ba ta zo ba. Tunanin farko: yana wajen wata. Ƙirji ya ɗau zafi, hannu na rawa. Ta tura saƙo goma sha biyar, ta kira sau bakwai, ya kashe waya. Daga nan ta shiga banɗaki. A kowane ƙulli sai a tambaya me za a iya sakawa a nan. Wajen da ƙirji ya ɗau zafi, alal misali, a cika roba da ruwan sanyi, a riƙe numfashi, a tsoma fuska na kimanin daƙiƙa 30. Wannan na saukar da bugun zuciya nan take, amma mai ciwon zuciya kada ya yi sai da izinin likita. Musulmi zai ga kusancin wannan da abin da aka hore shi da shi idan fushi ya taso, na ya zauna, ya kishingiɗa, ya yi alwala, kuma ƙwararre mai basira zai ɗora a kan wannan sanin.

DBT ta fi kowace hanya hujja wajen rage yanke jiki, yunƙurin kashe kai da yawan kwanciya asibiti. Inda take gazawa shi ne nauyinta: awa uku zuwa huɗu kowane mako, ga aikin gida, ga ƙa'idar cewa wanda ya yi fashin mako huɗu a jere ya fita. Wata matsalar kuma, da yawa na cewa suna yin DBT alhali ajin dabaru kaɗai suke yi. Ajin shi kaɗai yana da amfani, bincike ya nuna haka, amma wanda ke yunƙurin halaka kansa yana buƙatar mutum takamaimai da ke riƙe da shirin ko-ta-kwana. A tambaya kai tsaye: cikin ƙafa huɗun nan, nawa kuke yi?

MBT: idan matsalar karanta zuciyar mutane ce

Anthony Bateman da Peter Fonagy ne suka gina MBT a Landan, jinyar tattaunawa da ke ƙarfafa fahimtar abin da ke cikin zuciyar mutum da ta wasu, gwajinsu na farko ya fito a 1999. Fahimtarsu ita ce mai BPD yana iya fahimtar mutane daidai lokacin da yake natse, amma da zarar zuciya ta hau, musamman da wanda yake ƙauna, sai wannan basirar ta ɗauke kamar wutar lantarki. Abin da ya ji ya zama shi ne gaskiya. Ya ji an tsane shi, to an tsane shi, ba sauran wataƙila.

Ƙwararren MBT ba ya koyar da darasi, ba ya ba da aikin gida mai yawa. Yana zama a matsayin wanda bai sani ba, yana tambaya. Da matar nan ta sama, zai ce a dakata, a koma lokacin da alamar ta yi shuɗi: me kika ɗauka yana cikin ransa? Akwai wani abin da zai iya hana shi amsawa? In ta fusata da shi kansa ƙwararren a tsakiyar zama, nan ma sai a tsaya a duba me ya faru tsakaninsu yanzu-yanzu. Tsarin da aka gwada wata 18 ne, zaman mutum ɗaya da na rukuni kowane mako.

Ga wanda babbar damuwarsa ita ce aure na mutuwa, abota na watsewa, kullum cikin zargi, MBT ta fi zama daidai. Haka wanda ba ya jituwa da rubuce-rubuce da cike kati, ko wanda karatunsa bai yi nisa ba. Wanda kuma ke son a damƙa masa abin yi a hannu yau, zai iya ganin ana ta tambaya ba a ba shi komai.

Hanyoyi biyu masu dogon zango

Jinyar sikima, wadda Jeffrey Young ya tsara, tana bin tsoffin raunukan ƙuruciya da suka zama tabarau da mutum ke kallon duniya da su, waɗanda ake kira sikima, kamar "kowa zai tafi ya bar ni" ko "ni abin ƙyama ne". Ana amfani da hoton zuci a koma wurin abin da ya faru a sake masa ƙarshe, da magana da kujera a matsayin muryar da ke tsangwamar mutum. Ɗaya jinyar kuma, TFP ta Otto Kernberg, tana aiki da abin da ke faruwa tsakanin majinyaci da ƙwararre, inda rabewar mutane gida biyu, mala'ika ko shaiɗan, ke fitowa fili. An gwada su gaba da gaba a ƙasar Holan, sakamakon ya fito a 2006: zama biyu a mako har shekara 3, kimanin kashi 45 suka warke a sikima, kimanin kashi 24 a TFP, kuma masu gudu sun fi yawa a TFP. Duka biyun na buƙatar ƙwararre mai dogon horo da aljihu mai zurfi. Sun dace da wanda haɗarin rai ya lafa masa amma ramin da ke zuciyarsa bai cike ba.

GPM: wadda ta fi kusa da hannunmu

Wannan ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. A 2009 Shelley McMain ta fitar da sakamakon gwaji a Toronto ta Kanada da majinyata 180. Rabi sun yi cikakkiyar DBT shekara guda, rabi sun sami kulawar likita mai tsari bisa koyarwar John Gunderson, wadda ake kira GPM, zama ɗaya a mako. An zaci DBT za ta yi fintinkau. Sakamako ya zo kusan kunnen doki, har a bibiyar shekara 2 da ta biyo baya. Darasin shi ne tsari da dawwama su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin warkewa, sunan hanyar na biye.

GPM tana da sauƙin faɗa. A gaya wa majinyaci sunan larurarsa a fili, a bayyana masa cewa gado na da hannu, kusan kashi 40 bisa binciken tagwaye, kuma ana samun sauƙi. A nuna masa zagayen da yake ciki: yana lafiya idan ya ji ana tare da shi, ya birkice idan ya hango rabuwa, ya shiga haɗari idan ya ji shi kaɗai ne. A rubuta shirin ko-ta-kwana. A sa likita ɗaya ya zama mai riƙe da ragama. A matsa a kan rayuwar waje, sana'a ko makaranta, kafin soyayya, domin aiki na ba da tsari da mutunci ba tare da zafin da kusanci ke tayarwa ba. In an yi wata uku zuwa shida ba a ga motsi ba, a sake duba tsarin, ko a tura shi hanya mai zurfi.

A nan ne shawarar "a yi mata aure ta natsu" ke yin ɓarna. Aure na jefa ta cikin ainihin filin da larurar ta fi ƙarfi, ga kishiya wataƙila, ga dangin miji, ga tsoron saki. Yaji ya yi yawa, aure ya mutu, ta dawo gida da tabbacin abin da take tsoro tun farko. Auren da ya zo bayan ta samu natsuwa da abin yi daban yake da wanda aka ɗaura a matsayin magani.

Ƙwararrun DBT da MBT ƙalilan ne a ƙasashenmu. Amma akwai likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan'adam a asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, da asibitin Dawanau da na koyarwa na Malam Aminu Kano. Abin da iyali za su roƙa shi ne a riƙa ganin likita ɗaya a rana sananniya, maimakon duk wanda aka tarar a kan kujera. Ga mai tsoron a yasar da shi, sabuwar fuska kowane wata sabon rauni ne. Inda aka samu masu irin larurar da dama, akwai STEPPS da aka tsara a Iowa, aji na awa 2 a mako har mako 20, wanda ma'aikatan jinya ma za su iya koyon gudanarwa, kuma yana jawo iyali ciki.

Ƙwayar magani

Babu ƙwaya ko ɗaya da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita domin BPD. Jagorar hukumar NICE ta Birtaniya ta 2009 ta ce kada a ba da magani domin larurar kanta, in rikici ya yi tsanani a ba da mai kwantarwa na ɗan lokaci da bai wuce mako guda ba. Lamotrigine da aka daɗe ana sa wa rai, an gwada shi a Birtaniya da mutum 276, a 2018 sakamako ya nuna bai fi ƙwayar bogi ba. Magani na da gurbi idan akwai wata larurar tare, kamar ciwon damuwa mai tsanani ko bayifola.

Abin da ke faruwa a zahiri shi ne tari: kowane rikici a ƙara ƙwaya ɗaya, ba a cire ta baya, bayan shekara uku mutum na shan huɗu ko biyar, ya yi ƙiba, yana yini cikin magagi, larurar na nan. Uku ne ke buƙatar taka-tsantsan na musamman. Diazepam da danginsa na sa sabo, kuma suna kwance birkin da dama can ya yi sanyi. Amitriptyline, mai arha da ake samu ko'ina, yana da haɗari ƙwarai idan an sha fiye da ƙima, don haka bai dace a ajiye shi a hannun mai tunanin halaka kansa ba. Valproate kuma na jawo nakasa ga kimanin jariri 1 cikin 10 idan an sha da ciki, bai kamata a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki ba sai in babu makawa. Kwanciya asibiti ma a taƙaita ta, kwanaki kaɗan lokacin haɗari na gaske. Doguwar kwanciya na raba mutum da rayuwar da ake son ya koma.

Shekaru na sauya lissafi

A shekarun balaga larurar ke fara bayyana, kuma a nan cutar da jiki ta fi yawa. An daɗe ana jin nauyin sa wa yaro wannan suna, amma ƙa'idar likitoci ta yarda a yi haka ƙasa da shekara 18 idan alamun sun kai shekara guda. Jinkiri na cinye shekarun makaranta. DBT ta matasa, wadda Alec Miller da Jill Rathus suka gyara, gajera ce, mako 16 zuwa 24, iyaye na zama a aji tare da 'ya'yansu, kuma an ƙara darasin bin tsaka-tsaki tsakanin tsanani da sakaci. Gwajin da aka yi a Norwe da matasa 77 na mako 19 ya nuna ta rage cutar da kai fiye da kulawar da aka saba. MBT ta matasa, mai tsawon shekara guda, ita ma ta nuna amfani a gwajin 2012. Ga matashin da ke yanka jikinsa, DBT ce gaba in ana samu. Ko wace aka ɗauka, in ba a sa iyaye ciki ba, rabin aiki aka yi.

Abin da iyaye suka fi buƙatar koya shi ne gaskata abin da yaro ke ji ba tare da amincewa da abin da ya aikata ba. "Wannan ɗan abin ne zai sa ki kuka?" fetur ne a kan wuta. "Na ga abin ya yi miki ciwo, zo ki zauna, amma ba za a fasa kaya a gidan nan ba" ya haɗa tausayi da iyaka. Duka da gori ba sa gyara wannan. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, amma ɗaure mutum da mari ko yi masa bulala da sunan fitar da aljani ƙara zurfafa raunin yake yi. Kuma duk maganar kashe kai a ɗauke ta da gaske, ko ta goma ce. Cikin majinyatan McLean kimanin kashi 6 sun mutu ta wannan hanya a tsawon shekara 24, wasu tsoffin bincike sun kai kashi 10. A kulle fiya-fiya, maganin ƙwari, shinkafar ɓera da tarin magunguna, a riƙa ba da na kwana bakwai-bakwai. Guguwar na wucewa cikin awanni, abin da ke kusa da hannu a wannan lokacin shi ke yanke hukunci.

Daga shekara 20 zuwa 40 duk hanyoyin a buɗe suke. Mai haɗarin rai ko shaye-shaye ya nufi DBT, mai rikicin mu'amala MBT, wanda bai samu ko ɗaya ba ya riƙe GPM ba tare da jin an rage masa komai ba. Mai jego na buƙatar ƙarin ido, domin kukan jariri da rashin barci na taso da larurar, kuma taimaka mata kariya ce ga yaron.

Bayan shekara 50 ganganci da yanke jiki sukan ragu, har iyali su ɗauka an rabu da abin. Abin da ke saura ya fi shiru: kaɗaici, jin fayau, yawan ƙorafin ciwon jiki, rigima da 'ya'ya da surukai, sauya likita bayan likita. Cutar da kai na sauya kama, ta koma ƙin cin abinci ko ƙin shan maganin hawan jini da na suga. Mutuwar miji, ritaya ko aurar da ɗan auta na iya tayar da abin da ya yi shekara ashirin yana barci. A wannan zango GPM ta fi dacewa, tare da likitan da ke duba sauran cututtukan jiki, a rage yawan ƙwayoyi domin masu sa barci na jawo faɗuwa da ruɗewa. Masu bincike a Holan sun gwada jinyar sikima da tsofaffi, sun ga tana karɓuwa idan an sassauta gudu. Sai dai a kula da abu ɗaya: BPD ba ta farawa a tsufa. Dattijon da ya yi rayuwarsa cikin natsuwa sannan a shekara 55 ko 60 ya fara rashin kunya, ɓarnar kuɗi da fushi ba dalili, a kai shi a duba ƙwaƙwalwarsa, domin ciwon mantuwa da ke taɓa gaban ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki mai sauƙi, ko illar wani magani duk suna zuwa da wannan kama.